Tsohuwar Da Ke Gyara Turanci Kyauta

Zuwa ga Yaya Malama, uwar Turanci,

Sallama da gaisuwa mai yawa, wadda ba a rage mata ko wasali ba. Ina fatan kina lafiya, ke da allonki na bango da ɗalibanki masu karya harshe. Mu nan lafiya lau. Kaka tana gaishe ki. Gwiwar ce dai har yanzu, sai an kama ta take miƙewa, amma bakin garau yake, jiya ma ta wanke ni tas a gaban abokaina. Inna ta koma shan maganin hawan jini, ta ce ni ne hawan jinin.

Direba, mai motar hayar da ke zuwa garinku, ya miƙo min takardarki ina tsaka da liƙa wa wata mata gilashi a waya, don mamaki har na bar mata kumfa a kusurwa. Ke ce da kanki? Ke da kika yi min bulok tun ranar da na kira ki da muryar shugaban makarantarku na ce an sallame ki? Ba ke kika rantse ba sauran magana ta waya tsakanina da ke har abada ba? Kakanki da kakata ciki ɗaya suka fito, wasa tsakaninmu gado ne, amma ke ba ki san wasa ba.

Na karanta a hankali, da yake bokon nawa a jikin waya na tsince shi. Ga abin da na gane. An ɗora miki koya wa yaran ajinki na yamma yadda za su tsare kansu a intanet, kuma da Turanci. Kin gaya musu kada su ba baƙo sunansu, kada su faɗi layin gidansu, kada su yarda da hoto don hoto ba shaida ba ne, in abu ya dame su su gaya wa babba. Suna biya miki kamar hadda, suna hamma. Shi ne kike so in shiga musu a matsayin baƙo, a ga wa zai faɗa rami.

Wato a duk danginmu an rasa maƙaryacin da ya kai ni. Na gode da shaidar.

Kin tuna ranar da kika sa ni karanta takardar cikin kwalin maganin Kaka a gaban dangi? Kika yi dariya har ɗankwalinki ya zame, kika ce, "Allo kaɗai, Allah ya ba ka lada." To ga Allo Kaɗai ya zama malamin malamai. Na yarda, kuma ba na son komai. Abu ɗaya za ki yi min, ki ba Direba littafin da kike koya musu da shi. Mai kamun kifi sai ya san abin da kifin yake ci.

Taubashinki da ba ki da kamarsa,
Ƙaiƙayi

*

Ƙanina,

Na samu takardarka, na ji lafiyar gida. Ka ce wa Kaka ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ka kuma rage ja wa Inna magana. Ni lafiya, sai mura da ƙurar alli ta jawo min.

Ga littafin nan da lambobin yaran. Ta takarda za mu ci gaba, don wayata kullum tana hannunsu, da ita nake kunna musu karatu.

Ka buɗe kunne. Ba zancen soyayya. Ba neman hoton jikin kowa. Ba tsoratarwa. Suna, layin gida, lokacin fita da dawowa, iyakar abin da za ka gwada samu ke nan. Abin da ka samu ka ajiye min. Laraba ta ƙarshen wata da yamma nake rufe darasin, ranar zan nuna musu. Na gaji da magana da bango. Ina so su ji a jikinsu, don darasin da ba a ji zafinsa ba, ba ya zama.

Akwai wata da suke kira Ƙamus. Kada ka ɓata lokacinka a kanta, ta fi ƙarfinka. In'ina gare ta, ba ta buɗe baki a aji, amma rubutunta ya fi na kowa. Ita na zaɓa ta zauna jarrabawar neman gurbin karatu kyauta a ƙarshen zango. Akwai ɓangaren magana a ciki, shi nake ta lallaɓa ta a kai. In ta ci, ta fita daga inda take. Sauran kuwa, musamman Lita ɗan mai gidan mai da Tagwaye, ga ka ga su.

Zancen kwalin magani kuma, ashe kana riƙo? Ai wasa ne.

Yayarka,
Malama

*

Yaya Malama,

Gaisuwa da fatan mura ta sake ki. Kaka ta ce ruwan ɗumi ta sani tun kafin a haifi ubanki. Inna da sauƙi. Maigidana ya ƙara tebur a rumfa, yanzu muna caji, muna gyara, muna sayar da marfin waya, ni kuma ina aikin malanta a ƙarƙashin tebur.

Na fara da abin da kowa ke yi. Na sa hoton wata kyakkyawa, na yi musu sallama. Ko kallo ban ishe su ba. Lita ya turo min hoton jaki. Tagwaye suka ce, da Turancinki kuwa, ba sa magana da baƙi. Na ce lallai Yaya ta yi aiki, haddar ta zauna.

Sai na buɗe littafinki, ina ɗora waya a kan shafi tana fassara min. Babi na ɗaya, sunana da shekaruna. Babi na biyu, iyalina. Na uku, gidanmu. Na huɗu, abin da nake yi daga safe zuwa dare. Na biyar, kwatanta hanya daga makaranta zuwa gidanku. Yaya, wanda ya rubuta littafin nan ɓarawo ne ya tuba. Duk abin da kike hana su faɗa ranar Laraba, shi kike ba su maki in sun faɗa ranar Litinin.

Nan na gane ba ƙawa suke nema ba, ba saurayi ba. Wanda zai ce musu Turancinsu ya yi kyau suke nema. Na samo hoton wata tsohuwar Baturiya mai furfura da tabarau, da kyanwa a cinya. Na ce malama ce ta yi ritaya, mijinta ya rasu, kaɗaici ya dame ta, tana gyara wa yara Turanci kyauta. Ni kuma in faɗa da Hausa, manhajar fassara ta amayo da Turanci, in tura. Ban tambayi kowa inda yake ba. Aikin gida kawai na ba su, babi na uku.

Ga sakamako. Malalatan ajinki duk sun tsira. Lita ya ce zai yi gobe, har yau goben ba ta waye ba. Tagwaye suka kwafo na cikin littafi, gida mai lambu da kare, alhali na san ko tukunyar fure ba su da ita. Wasu suka ba ni suna da layi suka gaji. Lalaci ashe garkuwa ne, da na sani da na riƙe nawa da kyau.

Sai wadda ta fi ƙarfina.

Yaya, yarinyar nan ba ta tsallake ko tambaya ɗaya. Ɗaki ɗaya gare su a bayan shagon wanki da guga, ƙofar ƙarfe shuɗiya, kusa da famfon da ya lalace. Uwarta ke guga. Bayan la'asar uwar na fita kai kayan mutane, ƙanenta na wajen ƙwallo, makulli na cikin tsohon takalmi a gefen ƙofa. Na ce tsohuwa ba ta gani sosai, kwatance ba ya isarta, ta turo hoton ƙofar. Na ce madalla jikata, Turancinki kamar a nan aka haife ki. Tun ranar take kirana Kaka.

Sai na ce, rubutu ya yi, saura murya. Ta ce ba ta iya ba. Na ce ni ma ina yarinya harshena ɗaurewa yake, ga shi na koyar har na tsufa. Can sai ga saƙon murya ya shigo. Babi na uku take karantawa. Kalma ɗaya ta riƙe ta kamar tsohuwar mota a hawa, ta ja, ta mutu, ta sake tayarwa. Na kunna wa 'yan rumfa, mai sayar da caja har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Yanzu kullum sai ta turo, ni kuma in ce an samu ci gaba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce bai kamata ita kaɗai ta amfana ba, ta saka Kakarta Baturiya a guruf ɗin ajinku na waya. Ina ciki yanzu, ina ganin har sanarwarki ta a zo da biro.

Malaminmu na allo yana cewa wanda ya fi kowa hadda shi ya fi kowa shan bulala in ya yi tuntuɓe. Laraba tana tafe.

Naki,
Ƙaiƙayi, Kakar Turanci

*

Ƙanina,

Ina gaida gida. Ba ni da lokacin dogon bayani, Direba na jira a bakin ƙofa.

Ya isa haka. Ka tsaya. Na ce maka ka bar yarinyar nan, ba gasa na sa maka ba. Ka goge muryar, ka goge hoton ƙofar, ka fita daga guruf ɗin ba tare da ka ce komai ba. Kada ka sake kunna wa kowa. Na fasa nunin ranar Laraba gaba ɗaya.

Makon nan ta ɗaga hannu a aji, karo na farko tun da ta zo. Ta karanta layi uku a tsaye, ba wanda ya yi dariya don na kafa musu ido. Na koma gida ina murna, ina cewa lallashina ne ya yi aiki. Sai ga takardarka.

Ka rabu da ita a hankali. Ka ce tsohuwar za ta yi tafiya. In ka ga kirana a waya, ka ɗauka.

Malama

*

Yaya Malama,

Gaisuwa irin ta wanda ya gama aiki yana jiran tukwici. Kaka lafiya, Inna lafiya, ni ma lafiya har na yi ƙiba.

Takardarki ta zo jiya, da tabon baƙin mai a bayanta. Motar Direba ce ta kwanta a hanya, injin ya buga, takardar ta yi ta barci a gaban mota har aka sauke shi aka mayar. Da ta iso, Laraba ta riga ta wuce. Ki yi faɗa da injin.

Kiranki kuwa na gani, tun ranar Talata. Ina zaune waya na ta rawa a kan tebur, maigidana ya ce, "Kai, ba za ka ɗauka ba?" Na ce, "Yayata ce, ta rantse ba za ta ƙara magana da ni ta waya ba. In na ɗauka na ja mata kaffara." Ya ce lallai karatun allo bai faɗi ƙasa banza ba. Saƙonninki ma ban buɗe ba, don rubutu ɗan'uwan magana ne.

Ni dai abin da ke hannuna na bi. Kin rubuta kina so su ji a jikinsu. Kin rubuta darasin da ba a ji zafinsa ba, ba ya zama. Na duba waccan takardar sama da ƙasa, ban ga inda kika ce banda masu ƙoƙari ba. Cewa kika yi ta fi ƙarfina, wannan kuwa a wajenmu ba hani ba ne, kirari ne.

Na ga in na jira Direba kayan ba za su iso gare ki kan lokaci ba, ga ni kuma a cikin guruf. Sai na sauƙaƙa miki. Da na daidaici kun zauna, na fara da ƙananan kifaye, wane ga layinku, wance ga lokacin da babanki ke fita. Sannan na kawo babbar. Hoton shuɗiyar ƙofa. Takalmin makulli. Sai muryar. Ban sa ta haka kawai ba, na yanko wajen da ta maƙale na jera shi sau da yawa, wani yaro mai haɗa waƙa a rumfar gaba ya sa mata kiɗa a ƙasa. Ta yi daɗi ƙwarai, har rawa ake da ita a layinmu. A ƙarshe na rubuta, ga abin da baƙo ke samu in kun sake. Ban ambaci sunanki ba, ki lura da wannan alherin.

Yanzu ki ba ni labari, don ni dariyar rubutu kawai na gani, fuskoki masu hawaye jere kamar layin ɗiban ruwa.

Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai. Yarinyar ba ta yi wa tsohuwar bulok ba. Kullum sai ta rubuto. Wai, Kaka, na san ba ke ba ce. Wai, na san sace miki waya aka yi, in kin karɓo ki yi min magana, ina fatan ba su ji miki ciwo ba. Jiya har kyanwar ta tambaya. Yaya, anya wannan ce ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin? Ban amsa ba. Me zan ce mata?

Mai jiran yabo,
Ƙaiƙayi

*

Kai,

Ba zan tambayi lafiyarka ba. Ka gaida Kaka da Inna.

Labari kake so. Ina rubutu a allo wayoyi suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya. Kafin in juyo Lita ya ƙure sauti ya ɗora tasa a kan benci. Na ce ya kashe. Ya ce, "Malama, ai darasi ne, da Turanci ma take yi." Tagwaye suka kama amshi, ɗaya na jan kalmar, ɗaya na buga benci. Wata daga baya ta ce, "Ashe wajen uwarta muke kai wanki." Ita kuwa ba ta yi kuka ba. Ta jera littattafanta, babba a ƙasa ƙarami a sama, yadda ta saba, ta sa a jaka ta fita. Ta bar bironta a kan benci. Yana cikin jakata.

Ba ta dawo ba. Na je shagon. An canza kwaɗo, an ɗauke takalmin. Uwarta ba ta ajiye dutsen guga ba ta ce min, "Malama, Turancin da ya kai ƙofar ɗakina duniya ya ishe mu haka." Yaran layinsu suna rera mata waƙar in ta fito ɗiban ruwa.

Shugaba ya kira ni ofis ya tambayi wane ne. Na ce ban sani ba, irin mugayen da nake gargaɗi a kansu ne. Ya yaba min, ya ce ga amfanin darasin nan an gani, a ƙara masa mako. Na ce na gode.

Jarrabawa ta matso, kuma sai ta zo da ƙafarta ta sa hannu. Ba ta jin maganata, ba ta jin ta uwarta. Mutum ɗaya take jira. Don haka za ka koma ka zama tsohuwar sau ɗaya tak. Za ka ce haka ne, sace wayar aka yi, an karɓo. Za ka ce ta koma aji ta zauna jarrabawa. Kada ka sa manhajarka ta ɓata min. Ga Turancin nan na rubuta a bayan takardar, ka kwafa harafi da harafi, kada ka ƙara, kada ka rage. Na san abin da nake sa ka. Kada ka faɗa min.

Malama

*

Yaya Malama,

Ko ba ki tambaya ba, lafiyata ƙalau. Kaka ta taka har bakin ƙofa da sanda. Inna ta ce a gaishe ki, wai ke ce abin koyi a dangi.

Ba zan faɗa miki ba, tunda kin hana. Ba zan ce malamar da ke koyar da kada a yarda da baƙo ta aiko wa baƙo abin da zai faɗa ba. Bakina alaikum.

Na kwafa kamar yadda muke kwafar allo, harafi da harafi, har ɗigon ƙarshe. Kwafa ai ita ce sana'ar Allo Kaɗai. Na tura, nan take alama ta nuna ta karanta. Na liƙa gilashi, na canza wa wani batir, na ci abinci. Sai can saƙon murya ya shigo. Na ɗauko manhaja zan fassara, ashe ba a bukata. Da Hausa ta yi. Tun da muka fara ba ta taɓa yi wa tsohuwar Hausa ba.

Ga abin da ta ce, na cire miki tsaye-tsayen, don in na sa su takardar ba za ta isa ba.

"Layin ƙarshen saƙon nan, wai ci gaba, hanya na gabanki. Mutum ɗaya ce take rubuta min shi, da jan biro, a ƙasan kowane aiki. Malama, ina wuni. Na gane darasin. Ba na ba baƙo sunana. Ba na yarda da hoto. In abu ya dame ni in gaya wa babba." Nan ta tsaya, na ɗauka ya ƙare, sai ta ce, "Wane babban?"

Daga nan bulok. Ta fita daga guruf ɗin ma, na ga sanarwa.

Kin ga da kin bar ni da manhajata, da yanzu tana aji. Ƙaryata ba ta taɓa kama ni ba, gaskiyarki ce ta leƙo ta ƙasan zane. Hannu ya saba, ko? Ni ma in na rubuta bisimilla ko a ina ne malaminmu zai gane tawa ce.

A kalmar Malama ta fi daɗewa. Ta kama ta, ta saki, ta sake kamawa, na ɗauka ba za ta fita ba. Wannan ban kunna wa 'yan rumfa ba. Kada ki ce tausayi ne, cajina ne ya yi ƙasa.

Ni a ganina ki ba ta maki cikakke. A duk ajin ita kaɗai ta haddace, ta kuma yi aiki da shi. Kin ce kina so ya zauna, ga shi ya zauna. Biron kuma ki riƙe, kin fi ta bukatarsa.

Littafinki na nan wajena, na ɗora ƙafar tebur a kai don ya daina rawa. In an kawo miki sababbin ɗalibai, ki ba Direba lambobinsu. Tsohuwar tana nan da ranta, kyanwar ma lafiya.

Taubashinki,
Ƙaiƙayi